Ƙanƙarar Mutanen Can

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa a gidan da ta tashi uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Muna yara in za ta ba shi tuwo sai ta miƙo mini kwanon ta ce, "Kai ma wancan." Da ya tafi karatu Sakkwato sai ya zama "na birni". Da ya samu tafiya Amurka karatun aikin gona, ya zauna can da iyalinsa, sai ta ƙara masa nisa, ya koma "mutanen can".

Ni ne mai bi masa, kuma ni na zauna gida, ina noman albasa a fadamar Rima kusa da Wurno. A sanyin da Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, na kai ta asibiti Sakkwato. Likita ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce mu mai da ita gida, mu kira wanda ya kamata a kira. Na kira Yaya. Ya ce yana tafe. Washegari ya sake bugowa da wata irin murya, ya ce dusar ƙanƙara ta rufe su.

Ya taɓa kwatanta mini jihar da yake. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse, ba tudu, itatuwa ma sai jefi-jefi, daga alkama sai shanu. In ƙanƙara ta zubo babu abin da zai tare iska, sai ta kwaso ta daga gonaki ta tara a kan hanya, hukuma ta sa ƙarfe ta rufe hanyar. Garinsu kuma ƙarami ne, tsakaninsa da filin jirgi tafiya ce mai nisa. Ya ce ko ƙofar gidansa da ƙyar ya buɗe.

Ban faɗa wa Inna kai tsaye ba, don ba haka ake yi ba. Gwaggo, ƙanwar marigayi babanmu, ta zo daga Goronyo jinya, tana zaune a bakin gado. Ita na fuskanta na yi wa bayani da ɗan ƙarfi, yadda na kwance zai ji. Inna ba ta motsa ba. Sai da safe, da na shigo mata da kaskon garwashi don ɗakin ya yi ɗumi, ta ce, tana kallon bango:

"Mi ake ciki da ƙanƙarar mutanen can?"

Na gane abin da take tambaya. Gwaggo ma ta gane, ta sunkuyar da kai tana gyara bargo. Wanda bai gane ba shi ne Kawu, yana tsaye a bakin ƙofa.

Kawu ƙanen Inna ne, a Rabah yake zaune, ya yi shekaru yana kai albasa kudu. A cikin tafiye-tafiyen nan mota ta taɓa lalace musu a Jos cikin sanyi, suka kwana a tasha. Tun daga ranar babu wanda ya isa ya yi maganar sanyi a gabansa ya gama ba a kai shi Jos ba. Da jin tambayar Inna ya ja hular ulu ya rufe kunnuwa, ya fita zaure, ya sanar da masu dubiya cewa marar lafiya tana neman bayani a kan ƙanƙara, kuma abin kunya ne a ce gida cike da maza an rasa mai yi mata.

A lokacin zaurenmu ba ya rabuwa da mutane. Sanyin fadama ya sauko sosai, kowa ya zo dubiya sai ya ga wuta a tsakiya ya zauna. Daga ranar dubiya ta koma zaman shawara.

"Ƙanƙara ai mun san ta," in ji Kawu. "Shekarar da tas sauka Rabah, awa ƙwan zabo, ta kashe mani kaji, ta huda kwanon ɗaki. Amma kahin mu gama salati ta narke. Mi za ta yi ma hanya? Yaron ga dai shi hwaɗi gaskiya, in matatai ta hana shi tahowa."

Na ce ba irin waccan ba ce. Na buɗe waya na nuna masa hoton da Yaya ya turo, fili fari fat da wani tsibi a tsakiya, na ce motarsa ce wannan. Kawu ya miƙe hannu ya nisanta wayar da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ina motar da kac ce?"

"Tana ƙarƙashi, Kawu."

"To wa yag gane ta? Ni ma ina iya ɗaukar hoton tsibin auduga in ce akwai jirgi ciki."

Aka yi dariya, aka zaga da wayar hannu zuwa hannu. Wasu suka bi Kawu, wasu suka ce a nemo wanda ya san abin. Kashegari sai ga su da wani mutum mai sayar da ƙanƙarar sanyaya ruwa a kasuwar Wurno lokacin bazara. An ɗauko shi a babur, an ba shi wuri kusa da wuta. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya duba, ya yi ajiyar zuciya.

"Duk wagga a ƙasa? Ba mai ita?"

Na ce ba mai ita.

Ya girgiza kai irin na wanda ya ga ɓarna. Sannan ya ce maganin abin ba wuya. Ƙanƙara ba ta daɗewa sai in an rufe ta da buhu da ƙaiƙayi, shi da ita yake kwana yake tashi. "Ku hwaɗa mashi kar su ruhe ta. Su ɗebe buhunnan duka, su bar ta ga rana. Kahin azahar ta zama ruwa."

Kawu ya sa ni na buga waya nan take na isar da saƙon a gaban kowa. Yaya ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya ce a yi wa mutumin godiya. Bayan haka ya rage murya ya ce, "Ta ci wani abu yau?" Na fita bayan zaure na amsa masa.

Akwai kuma wani tsoho maƙwabcinmu da gari ya yarda da shi wajen duban hadari. Da damina in ya ce a kwashe shanya, kwashewa ake yi. Shi ma ya ɗauki nasa aikin. Kullum bayan sallar asuba sai ya yafa bargo ya fita bayan gari, ya tsaya yana kallon gabas, inda ruwanmu yake fitowa. Ya dawo ya same ni ina ɗora ruwan zafin Inna.

"Gabas tas take, ɗana. Ko ƙyallen girgije babu. Ka ce mashi shi taso."

Na ce, "Baba, samansu daban da namu."

"Wane daban? Ba rana guda muke amfani da ita da su ba?"

Wani a zaure ya ce ai Amurka ba gabas take ba, yamma take. Aka yi yini ana wannan. Tsohon bai shiga gardamar ba. Daga ranar sai ya riƙa duba gabas ya juya ya duba yamma, ya kawo mini rahoto biyu, dukansu tas.

Duk wannan ana yinsa ne da sunan Inna, kuma kowane yamma Kawu yakan shiga ya tsaya a kanta ya karanta mata inda aka kwana. Takan rufe ido har ya gama. Wata rana da ya fita ta ce da Gwaggo, "Wanga tun shina yaro haka shike."

Jikinta yana ta ja baya. Kunu ma sai cokali kaɗan. Ƙafafunta ba sa ɗumi ko da garwashi, ni da Gwaggo muna karɓa-karɓa wajen murza su da man shanu. In Yaya ya bugo ba ta karɓar waya, ba ta taɓa karɓa ba. Sai in buɗe muryar in ajiye wayar a kan tabarma kusa da gadon, in yi ta hira da shi a kan albasa da farashin taki da wanda ya haihu, ita kuma tana kwance tamkar mai barci. Sau ɗaya ya kasa daurewa ya ce, "Inna, ni na." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Amma ba ta ce in ɗauke wayar ba.

Kowace safiya tambayar tana nan, sai dai tana gajarta. Daga baya ta koma kalma ɗaya. In shigo da kasko, ta ce, "Ƙanƙarar?" In gaya mata abin da aka gaya mini.

Rannan aka buɗe musu hanya. Yaya ya fito, ya yi rabin tafiya, wata iskar ta taso da sabon zubi, aka sake rufewa. Ya maƙale a wani masauki a bakin hanya tare da direbobin manyan motoci. Jiragen ma, in ji shi, an tsai da su. Da na gama jin wannan na shiga na dubi Inna, na ga yadda numfashinta ya koma. Ban san abin da ya rage a hannuna ba sai masallaci.

Bayan sallar azahar na matsa kusa da Liman na roƙi a yi mana addu'a, Allah ya tsai da ƙanƙarar nan. Na ɗauka magana ce ta minti ɗaya. Liman bai buɗe baki ba wani dattijo mutumin Tursa, da ya zo kasuwa sallah ta same shi a nan, ya ɗaga hannu.

"Malam, a gahwarce ni. Abin ga da ake magana, in ya narke mi shika zama?"

Aka ce ruwa.

"Daga ina shika zubowa?"

Aka ce daga sama.

"To ni dai ba da bakina ba. Tun ina yaro nike hita roƙon ruwa da riga a juye. Gero ya sha ƙonewa a gabana. Yau in ɗaga hannu in ce ma Allah ya isa haka?"

Sahu ya ɗauki guna-guni, kuma yawanci bayansa suke. Mu mutane ne da ba mu saba ƙorafi da abin da ya sauko daga sama ba. Ko shekarun da Rima ta cika ta ci mana gonaki, masu buɗe madatsar Goronyo muka zaga, sama ba mu ce mata komai ba. Wani ya ce su ma can ai akwai manoma, wa ya san ko ita ce daminarsu. Wani ya ce kar mu je mu ƙone wa bayin Allah amfani daga nesa, alhaki ya biyo mu fadama.

Kawu ya ce a tambayi yaron, ai abin da ya je karantawa ke nan. Na buga a gaban jama'a, ina fatan Yaya zai gane inda aka nufa. A can gari bai daɗe da wayewa ba. Liman da kansa ya karɓi wayar, suka gaisa, ya tambaye shi ko manoman wajen suna son abin nan ko ba sa so.

Yayana bai iya shirya magana ba tun yana yaro. Ya ce gaskiya suna so. Ya ce alkamarsu tun kaka ake shuka ta, ƙanƙarar ce take lulluɓe ta kamar bargo kar sanyi ya kashe ta, in ta narke kuma ita ce ruwan farko. Ya ce shekarar da ba ta zuba ba manoma kuka suke yi. Har ya fara bayanin saiwa, na karɓe wayar.

"Kun ji ko," in ji mutumin Tursa, ya gyara zama.

Na zauna ina kallon tabarma. Ban ji haushinsu ba a lokacin, kuma ban ji ba har yau. Da uwar wani ce, ina jin da ni ma a sahunsu zan zauna.

Liman ya bari hayaniya ta kwanta. Ya ce ba dole ne a roƙi tsayawa ba, akwai hanyar da malamai suka sani in ruwa ya yi wa mutane yawa, a roƙi a kawar da shi gefe. Wannan ya yi wa kowa daɗi, sai dai ya buɗe sabuwar magana, wane gefen.

"A tura ta Jos," in ji Kawu. "Sun saba."

Wani ya ce yana da ɗiya aure a Jos. Wani ya ce a tura ta teku, mutumin Tursa ya ce wannan almubazzaranci ne. A ƙarshe aka daidaita a kan cewa a ɗauke ta daga kan hanya da filin jirgi a zuba ta a gonakin alkama. Tsohon mai duban hadari ya tambaya ko addu'ar azahar ɗinmu za ta isa can a kan kari tunda su safiya ce, Liman ya ce wanda ake roƙo ba ya duba agogo.

Aka ɗaga hannu. Liman ya fara, jama'a suna ƙara masa daga baya. Mutumin Tursa ya sa a haɗa da cewa in akwai ragowa a ajiye mana zuwa damina, amma a narke. Wani ya sa tsutsar albasa. Wani ya sa zaman lafiyar hanyar Shinaka, aka ce amin da ƙarfi. Addu'a ta yi tsawo har na fara tunanin an manta da abin da ya kawo ni. Sai can a ƙarshe Liman ya sassauta murya ya ce, "Ya Allah, ka sada uwa da ɗanta." A duk kwanakin nan shi kaɗai ya faɗi maganar da sunanta. Amin ɗin a hankali aka yi shi, kowa ya shafa ya tashi yana neman takalmi.

Bayan haka iska ta kwanta a can, motocin share hanya suka fito, Yaya ya isa filin jirgi. A zaure aka raba ladan. Mai ƙanƙara ya aiko cewa an dai ɗebe buhunan ke nan. Tsohon maƙwabcinmu ya ce shi tun farko ya ce tas take. Kawu ya ce dama babu wata ƙanƙara, yaron ya ji an kai maganarsa masallaci ne ya ji kunya.

Safiyar ranar Inna ba ta yi tambaya ba. Na ajiye kasko na jira, idonta a rufe. Na juya wajen Gwaggo na ce, da ɗan ƙarfi, "Sun taso. Suna cikin jirgi." An ɗan jima sai Inna ta ce a share ɗakin. Ta ce kuma a ciro mata zanen saƙi da ke ƙasan adaka, a ɗaura mata kallabi. Ta sha kunu fiye da na jiya. Daren da yinin da suka biyo baya ban je fadama ba, albasa ta kwana ba ban ruwa.

Bayan la'asar motar haya daga Sakkwato ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ya fito da 'yar jaka ɗaya, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Riga ce mai gajeren hannu a jikinsa, mu kuwa kowa ya naɗe da bargo da rawani. Zaure ya miƙe gaba ɗaya. Kafin ya gama sallama Kawu ya riƙe masa hannu ya juya shi wajen jama'a.

"Ku dube shi. Wanga na mutumin da sanyi ya ruhe? Ni da nit taho daga Jos sai da niy yi wata ina rawar ɗari."

"Kawu, ina wuni. Ina take?"

"Tana nan, zamna tukuna. Motar ga da anka ce tana ƙarƙashi, wa yat tone ta?"

Mutumin da ke da ɗiya a Jos yana tambayar ko alkama ta samu. Tsohon maƙwabcinmu yana so ya ji daga wane gefe hadarinsu yake tasowa. Yaya yana amsa wa wannan rabin magana, yana juyawa ga wancan, idonsa yana kan ƙofar cikin gida, kuma tarbiyya ba ta bar shi ya zare hannu daga na kawunsa ba. Sai ga Gwaggo ta leƙo daga soro. Ba ta taɓa sa baki a zauren maza ba.

"Alhaji, sakam mani ɗa. Ƙanƙarar ba ta gudu, ka tambaye shi gobe."

Kawu ya sake shi.

A bakin ɗakin Yaya ya cire takalmi ya yi sallama, ya durƙusa daga ƙofa, inda ya saba tsayawa tun yana yaro. Inna tana kwance da zanen saƙinta, fuskarta a bango. Ya gaishe ta. Ta amsa ta wajena, kamar kullum, ta ce in tambaya ko an sauka lafiya, ko an baro yara lafiya. Na tambaya, ya amsa mini, na mayar mata, alhali tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Ina jin numfashinta, ina jin nasa.

Sai ta ce, "Tada ni."

Na tallafo ta na jingina ta da matashi. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta huta, sannan ta ce mini:

"Ka ce ma baƙon ga shi matso. Ba ni gani da nisa."

Ban maimaita ba, ya riga ya ji. Ya ja gwiwa har bakin gadon. Inna ta juyo da fuskarta ta dube shi, sosai, ba ta kawar da ido ba. Gwaggo ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta fita da sauri. Ni ma na zare hannuna a hankali daga bayan matashin, na ɗauki kaskon da bai buƙaci sabon garwashi ba, na fita na saki labule.

Abin da suka ce, in sun ce wani abu, ban sani ba, kuma ban tambaye shi ba. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Shi ya shiga kabari ya karɓe ta daga hannunmu.